Nawa Ne Kuɗin Mutum?

Ya kai mai karatu, kadan ka kai akuya kasuwa, mai saye ya kan dube ta, ya taɓa bayanta, ya yi tayi. Abin da ya taya, shi ne darajarta. Amma kai fa, wa zai taya ka?

Ikilisiya Katolika tana koyar da cewa kowane ɗan Adam jiki ne da kurwa, an haɗa su sun zama mutum guda. Jikinka daga iyayenka ka same shi, amma kurwarka Allah da kansa ya halicce ta, ba ta hannun kowa ba, ba kuwa za ta mutu ba. Saboda ita ka ke da hankalin sanin gaskiya, da ikon zaɓen nagarta ko mugunta. Saboda ita kuma Littafin Farawa ya shaida an yi mutum cikin surar Mahaliccinsa. Kada kuwa ka rena jiki, gama za a tashe shi ran ƙarshe. Wannan girma ba sarki ne ya ba ka ba, balle ya karɓe. Ba baftisma ce ta kawo shi ba. Wanda bai taɓa jin sunan Yesu Kristi ba yana da shi daidai da Paparoma.

Ka ji labarin wata yarinya ta ƙasar Darfur, cikin Sudan, wadda aka haifa wajen shekara ta 1869. Tana ƙarama masu farautar bayi suka sace ta. Don tsananin tsoro har sunan da iyayenta suka raɗa mata ya ɓace mata, ba ta ƙara tuna shi ba muddin ranta. Su suka sa mata Bakhita, watau mai sa'a. Ka ji ba'a! Aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu. A gidan wani hafsan Turkawa aka tsattsaga mata jiki da aska, aka cusa gishiri cikin raunukan domin tabon ya zauna. A 1883 wakilin Italiya a Khartum ya saye ta, a 1885 ya tafi da ita ƙasarsu, inda ta zama mai renon 'yar wasu masu arziki. Sa'anda aka ajiye ta wurin Sistocin Kanosa a birnin Venis, nan ta fara jin cewa wanda ya yi rana da taurari ya san ta, ya kuma mutu dominta. Da uwargijiyarta ta zo ɗaukarta, sai ta ƙi. A 1889 shari'a ta yanke cewa ita 'ya ce. Ran 9 ga Janairu 1890 aka yi mata baftisma, aka sa mata Yosefina. Ta zama Sista, ta yi shekaru da yawa tana dahuwa da tsaron ƙofa a garin Schio, ta rasu a 1947. A 2000 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya lissafta ta cikin tsarkaka.

To, ka lura: alƙalin Italiya bai ƙara mata kome ba. Ran da ta ke tsaye a kasuwa ana duba haƙoranta, kurwarta ɗaya ce da ta ran da aka ɗaga hotonta a Roma. Masu tayi ne suka makance.

Watakila za ka ce, ai ni ban taɓa sayen bawa ba. Madalla. Amma yarinyar da aka kawo maka daga ƙauye tana aikin gidanka, ƙarfe nawa ta ke kwanciya? Abincin da 'ya'yanka su ke ci ta ke ci, ko kuwa ƙanzo? Da sunanta ka ke kiranta, ko "ke" kawai? Kuturun da ke bakin hanya, ka kan jefa masa sadaka kamar yadda a ke jefa wa kare ƙashi, ko ka kan gaishe shi tukuna? A ganina rashin gaisuwar ya fi yi masa ciwo bisa ga yunwa.

Kadan akwai ɗan ƙodago wanda ka riƙe wa lada, ka je gidansa da ƙafarka ka biya shi kafin Lahadi, ka roƙi gafararsa, kana ka zo Masa.