Yardar da agogo ya ƙwato, yarda ce?

Akwai wani irin shafin talla a intanet da mutum zai yi ta jan yatsa yana gangarawa kamar ba shi da ƙarshe. A sama an rubuta alkawari da manyan baƙaƙe: maganin da zai narkar da teɓa cikin mako biyu, ko darasin da zai koya maka samun dala kana kwance a ɗakinka. Sai labarin mai hajar, irin wuyar da ya sha kafin ya gano sirrin, sai hotunan mutane suna zuba godiya. Ba a faɗin farashi sai can ƙasa, bayan an jera kyaututtukan da za a haɗa maka, an soke wani babban kuɗi da layi, an rubuta ƙarami da jan launi. A gefe agogo na ƙirga daƙiƙu da baya, ƙarƙashinsa an rubuta "saura guda uku". Babu abin da aka ajiye a nan bisa katari. Tun 1984 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Robert Cialdini, ya tattara irin waɗannan dabaru a littafinsa Influence: mutum na ɗokin abin da ya ga zai ƙare, yana bin abin da ya ga jama'a sun bi, kuma yana jin nauyin wanda ya fara yi masa kyauta.

Abin da ya halatta ciniki a Musulunci shi ne yardar juna, kamar yadda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta shardanta. Ra'ayina shi ne, shafin da aka gina domin mai saye ya latsa kafin ya yi tunani bai nemi yardarsa ba, kewaye ta ya yi. Inda ƙarya take a fili, hukuncin ba ya buƙatar dogon bincike. A 2019 masu bincike daga jami'o'in Princeton da Chicago sun duba shafukan sayayya kimanin 11,000, suka tarar da 140 da agogonsu na bogi ne: lokaci ya cika, ko dai ya sake farawa, ko rangwamen ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. A shekarar ce kuma hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta sa manyan kamfanonin kama ɗakin otal, ciki har da Booking.com da Expedia, suka yi alkawarin daina matsa wa mutane da sanarwar cewa wasu na duba otal ɗin, alhali ranakun da waɗancan ke nema daban ne. Fiƙihu ya daɗe da sanin wannan. Annabi (SAW) ya hana najashi, wato mutum ya riƙa taya kaya da tsada ba don zai saya ba, sai don wani ya ruɗu ya ƙara. Shaidar godiya da aka ƙirƙira najashi ce, illa dai mai tayin yanzu hoto ne. Haka kuma Annabi ya hana ƙin tatsar dabba kwana da kwanaki don hantsarta ta cika a ranar kasuwa, ya ba wanda ya saya zaɓin mayarwa. A lura, mai wannan dabba bai furta ƙarya ko ɗaya ba. Ya shirya abin da ido zai gani ne, shari'a kuma ta kama shi da shirin.

Daga nan ne amsar hujja mafi ƙarfi ta masu talla take fitowa. Suna cewa: to idan komai gaskiya ne fa? Rangwamen da gaske ƙarfe goma sha biyun dare zai ƙare, masu godiyar mutane ne na haƙiƙa, mai saye kuma baligi ne mai hankali, babu wanda ya ɗora masa wuƙa. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na cikin masu ganin tsawon shafi laifi ne. Wanda zai sayi injin ban ruwa bai taɓa ganinsa ba yana buƙatar bayani mai yawa, kuma Imam al-Gazali a cikin littafinsa Ihya ya yarda ɗan kasuwa ya ambaci alherin da ke cikin hajarsa wanda mai saye ba zai sani ba sai an faɗa masa. Abin tambaya shi ne aikin da kowane yanki na shafin yake yi. Bayanin ƙarfin inji da yawan man da yake sha yana ƙara wa mai saye sani. Ɓoye farashi har sai ya ɓata minti ashirin yana karatu ba ya ƙara masa sanin komai, sai dai ya sa ya ji asara ce ya fita hannu rabbana. Ga ma'auni mai sauƙi: mai hajar zai iya rubuta dalilin dabararsa a gefenta, ta kuma ci gaba da aiki? "Na kawo wannan bayani ne don ka san abin da za ka saya" ba ya ɓata ciniki. "Na sa agogon nan ne don kada ka samu damar shawara da matarka" kuwa yana kashe shi nan take. Dabarar da ba ta rayuwa sai a ɓoye, da raunin mutum take aiki, ba da hankalinsa ba.

Batun cewa mai saye baligi ne ma bai wanke kowa ba. Wani sahabi da aka yawaita cuta a ciniki, Annabi bai ce masa ya je ya koyi wayo ba. Ya koya masa ya shardanta babu yaudara. Akan kuma ce ai an yi alkawarin mayar da kuɗi cikin kwana talatin. Madalla idan ƙofar fita tana da faɗin ƙofar shiga. Amma ba kullum haka take ba: hukumar kasuwanci ta Amurka ta maka kamfanin Amazon a kotu a 2023 bisa zargin sauƙaƙa shiga tsarinsa na biyan kuɗi mai suna Prime da wahalar da fita, kuma a 2025 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5 a sasanta, ba tare da amsa laifi ba.

Matasanmu da ke sayar da magani, turare ko darussa ta Facebook da WhatsApp suna kwafo wannan tsari sukutum, har da kuɗinsu suke biya a koya musu. Wanda ke son cinikinsa ya tsarkaka ya sa farashi inda ido zai fara sauka, ya faɗi aibin kayan, ya cire agogon idan ba na gaskiya ba ne, ya bar mai saye ya kwana da shawararsa.