Hukuncin Sojan Gona

A asibiti akan ga mutum sanye da farar riga, yana zaga gadaje yana karɓar kuɗin magani a hannun masu jinya, alhali ba ma'aikaci ba ne. Irinsa ne ake kira sojan gona. Laifinsa ya wuce cin kuɗin mutane, domin gobe idan malamin asibiti na gaskiya ya zo, da zargi za a dube shi. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa Annabi (S.A.W.) ya kamanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufa biyu na ƙarya.

To, idan asirinsa ya tonu fa? Nan ne jama'a suke zamewa. Sai a yi masa taron dangi da duka, har wani lokaci rai ya salwanta, a kan laifin da hukuncinsa ta'aziri ne, wanda yake a hannun alƙali shi kaɗai. Wajibin wanda ya gane shi, ya nemi ganin katin shaidarsa, ya sanar da shugaban wurin, a miƙa shi ga 'yan sanda tare da shaidu, a kuma mayar wa masu jinya kuɗinsu.