Kukan Ɗan Kallo A Kan Mutuwar Ɗan Kokawa

Akwai wata tambaya wadda mai jinta da fari zai zaci ba ta da wurin zama a wannan fili, alhali kuwa tana da shi. Mutum ne bai taɓa gaisawa da wani ba, ba su haɗa dangi ko gari ko addini ba, iyaka dai ya saba ganinsa cikin akwatin talabijin yana kokawa. Ran da aka ce ya mutu sai hawaye ya zubo masa, har bayan shekaru in ranar ta zagayo yana tunawa. Shin wannan kuka na gaskiya ne? In na gaskiya ne, ina matsayinsa? Tambayar ta shafi matasa da yawa, gama kokawar nan ta Turawa, wadda yara ke kira resilin, ta daɗe da samun masoya a gidajen kallo.

Labarin wani ɗan kokawa mutumin Kanada, Owen Hart, ya isa misali. An haife shi a birnin Kalgari a shekarar 1965, shi ne auta cikin 'ya'ya 12 na Stu Hart, wanda shi ma ɗan kokawa ne, mai koyar da ita kuma. Ran 23 ga watan Mayu 1999, kamfanin WWF, wanda yau ake kira WWE, ya shirya wasa a birnin Kansas na jihar Misuri a Amurka, gaban mutane fiye da 16,000. An tsara Owen zai fito da rufaffiyar fuska a matsayin wani jarumin ban dariya mai suna Blue Blazer, a sauko da shi da igiya daga rufin zauren kamar mai tashi sama. Ƙugiyar da ta riƙe shi irin mai saurin buɗewa ce, don in ya iso ƙasa ya kwance kansa cikin hanzari. Sai ta buɗe tun yana can sama. Ya faɗo daga tsawon ƙafa 78, ƙirjinsa ya bugi igiyar da ta kewaye dandalin, aka kai shi asibiti, a daren nan rai ya yi halinsa. Shekarunsa 34, ya bar mata da 'ya'ya biyu ƙanana.

Wasu daga cikin waɗanda ke zauren sun zaci faɗuwar tana cikin shiri. Masu kallo daga gida ba su ga faɗuwar ba, sai mai sharhi, Jim Ross, ya shaida musu cewa wannan ba wasa ba ne, daga baya kuma ya sanar da su rasuwar. Waɗanda ke cikin zauren ba a sanar da su ba. Aka ci gaba da kokawa a kan dandalin nan har ƙarshen shiri. Kashegari a birnin Sen Luwis aka keɓe shirin dare ɗungum don tunawa da shi, aka buga ƙararrawa sau 10, ƙarti majiya ƙarfi suka tsaya gaban kyamara suna sheshsheƙa, jama'a ma suna kuka.

To, abu na fari, shi hawaye a kan kansa shari'a ba ta zarge shi ba. Ya tabbata a cikin Bukhari cewa idanun Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, sun zubar da hawaye sa'ad da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, da Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya ganar da shi cewa wannan rahama ce. Larabawa sun bambanta tsakanin buka'u, watau kukan da ke fitowa daga ido da zuciya, da niyaha, watau kururuwa da marin fuska da kece tufa da ƙirga ayyukan mamaci cikin ihu. Na biyun shi ne aka hana. Kasancewar mamacin ba Musulmi ba ne bai mai da tausayin laifi ba. Bukhari da Muslim sun rawaito cewa an wuce da gawar wani Bayahude, Manzon Allah ya miƙe, da aka gaya masa ko wane ne sai ya tunatar da su cewa ai shi ma rai ne. Malaman Malikiyya suna ganin an shafe hukuncin miƙewa don gawa, amma darajar ran ɗan Adam, wadda aya ta 70 a Suratul Isra'i ta tabbatar, babu wanda ya ce an shafe ta. Iyakar da aka sa ita ce ta aya ta 113 a Suratut Tauba, wadda ta hana roƙon gafara ga wanda ya mutu a kan shirka. Saboda haka yaro Musulmi da ya ji zuciyarsa ta karaya ga irin wannan labari bai yi saɓo ba, amma kada ɗoki ya kai bakinsa ga addu'ar da ba a ba shi izininta ba.

Sai dai wa ake yi wa kukan? A nan ne maganar ta yi zurfi. Wannan kokawa ba irin ta ƙasar Hausa ba ce, inda ake shiga fili bayan girbi, makaɗa na zuga, ba wanda ya san wa zai kai wani ƙasa. Ba kuma irin wadda Abu Dawuda da Tirmizi suka rawaito Manzon Allah ya yi da Rukana har ya kayar da shi ba ce. Ita wasan kwaikwayo ce, tun kafin a fito an san mai nasara, kowane ɗan wasa kuma an ɗinka masa hali kamar yadda ake ɗinka riga. Halin da Owen ya fi shahara da shi shi ne na ƙane mai hassadar wansa, Bret Hart, wanda ya kayar a babban wasan shekara na 1994 a birnin Niyu Yok. Shekara da shekaru aikinsa ke nan, ya sa jama'a su ƙi shi, ya kuwa iya. Ke nan da yawa daga masu kukan nan su ne masu yi masa ihun tsiya a da. Abokan aikinsa kuwa, da suka tashi ba da shaida, wani mutum dabam suka siffanta: mai barkwanci, mai ɗokin komawa gida wurin iyalinsa da zarar an tashi aiki.

Mai saurin hukunci zai ce ashe kukan ƙarya ne, tun da ba su san mutumin ba, rigar suka sani. Wannan hukunci ya yi tsauri. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, a daren nan ne 'yan kallo suka fara ganin mutumin. Mutuwa ce ta tuɓe rigar. Da can suna kallon wani abu ne da ake jefarwa ya tashi, a doke shi ya miƙe, sai ga shi ya bayyana cewa ɗan wani ne, mijin wata, uban wasu. Kukan da ya zo daga wannan farkawa ba abin rainawa ba ne. Abin takaici dai shi ne sai da rai ya fita sa'an nan aka farka, alhali alamu sun daɗe suna zuwa. A 1997 shi Owen ɗin, cikin kuskure, ya dasa kan abokin wasansa Steve Austin a ƙasa har ya ji mummunan ciwo a wuya, ya kwanta na ɗan lokaci ba ya iya motsi. Sakamako ne ake shiryawa, amma ƙashi da jijiya ba su san da wani shiri ba.

Daga nan sai wata magana mai nauyi ta taso, wadda masu kuka ba su cika son ji ba. Me ya kai ɗan kokawa rufin zaure? Kokawa a ƙasa ake yinta, Owen kuwa gwani ne da ba ya bukatar igiya kafin ya burge. A shekarun nan kamfanoni biyu, WWF da WCW, suna tseren jan masu kallo, kowane yana neman abin da zai sa a buɗe baki. Abin da ya ba da mamaki bara, bana ya zama ruwan dare, sai an ƙara. Wa ke sayen tikiti? Ba a cewa yaron da ke zaune a gaban talabijin shi ya buɗe ƙugiya, shari'a ba ta ɗora wa kowa laifin wani. Amma malaman fiƙihu sun san bambancin mubashir, wanda ya aikata da hannunsa, da mutasabbib, wanda ya zama sanadi, kuma ko wanda bai kai matsayin sanadi a gaban alƙali ba yana iya samun abin da zai tambayi kansa. An hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi, an kuma rawaito hanin zuga dabbobi su yi faɗa. In tsuntsu da rago sun sami wannan kariya daga sha'awar ɗan kallo, ina ga ɗan Adam? Shi ma mai wasan aya ta 195 a Suratul Baƙara ta yi magana a kan jefa kai ga halaka, sai dai wanda ke cin abinci a hannun wani ba kullum yake da bakin cewa a'a ba, wannan kuwa sanannen abu ne ga duk ɗan ƙwadago.

Dubi kuma batun ci gaba da wasan. A wani shiri da aka nuna a 2024, Vince McMahon, wanda shi ne shugaban kamfanin a lokacin haɗarin, ya kare shawarar da hujjar cewa mutanen zauren ba su ga ainihin abin da ya auku ba, kuma wasa suka zo kallo. Mai karatu ya lura, da sunan ɗan kallo aka fake. An ɗauka cewa haƙƙinsa na ganin abin da ya biya ya fi alfarmar wanda aka ɗauke daga dandalin, ya fi kuma halin abokansa da aka tura su tuma a wurin da ya faɗi. Wannan ma'auni karkatacce ne. Manzon Allah yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, in ya ji kukan jariri sai ya taƙaita don tausayin uwarsa. Sallar jam'i ke nan aka rage saboda damuwar mace ɗaya. Wace irin nishaɗi ce ta fi ƙarfin a dakatar da ita don mutuwar mutum?

Sa'an nan akwai batun tunawa, wanda ya fi kuka daɗewa. Masoya sun yi shekaru suna neman a sa sunan Owen cikin jerin gwarzayen da kamfanin ke karramawa, matarsa Martha ta ƙi yarda, wasu har suka riƙa ganin baƙinta, suna cewa ta hana su gwaninsu. Ita kuwa dalilinta shi ne ba za ta bar kamfanin da take ganin sakacinsa ya jawo mutuwar mijinta ya ci riba da sunansa ba. A nan shari'a tana da tsari mai ban sha'awa, domin ta jera baƙin ciki daki-daki. Zaman makoki kwana 3 ne, amma matar mamaci an ba ta wata 4 da kwana 10, kamar yadda ya zo a aya ta 234 a Suratul Baƙara. Da labarin shahadar Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina, umurnin da aka bayar shi ne a dafa wa iyalinsa abinci, gama abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Kalmar ta'aziyya ma asalinta daga aza'u take, watau haƙuri, ma'anarta ɗora wa wanda aka yi wa rashi haƙuri. Ke nan mai zuwa gaisuwa hidima ya zo yi, ba rabonsa ya zo karɓa ba. Hukuncin takaba bai hau kan Martha ba, tun da ba Musulma ba ce, amma hikimar jerin ta shafi kowane gida: ɗan kallo ya rasa abin kallo na dare ɗaya a mako, ita kuwa ta rasa miji, ga marayu a gabanta. In ra'ayinsu ya saɓa a kan yadda za a tuna da shi, ba a rasa sanin wanda ya kamata ya yi shiru ba.

Tunawa kuma tana da nata santsi. Ibnu Abbas, a riwayar Bukhari, ya bayyana cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu sunayen mutanen kirki ne, da suka mutu aka kafa musu alamu don a riƙa tunawa da su, da zamani ya ja sai aka bauta musu. Ba a cewa mai rataye hoton ɗan kokawa a ɗakinsa ya kai can. Amma wanda ya mutu da ƙuruciya yakan ƙara girma a bakin masoya kowace shekara, har ya koma wata sabuwar riga, mutumin ya sake ɓacewa a ciki. Ran da Ibrahim ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne, mahaifinsa, cikin zafin rashin, ya tashi ya gyara musu. Bai yarda a ƙara wa ɗansa abin da ba nasa ba, ko da ƙarin yabo ne.

Jerin kuwa bai tsaya a kan Owen ba. Mijin 'yar'uwarsa, Davey Boy Smith, ya mutu a 2002 yana da shekara 39, Eddie Guerrero a 2005 yana da 38, Bray Wyatt a 2023 yana da 36, dukansu ta hanyar ciwon zuciya, ko da yake sanadin kowane dabam ne. An sha buga ƙararrawa, an sha kuka, mako na zagayowa kuma an koma kujeru.

Ita Martha ta kai ƙara kotu, aka yi sulhu a shekarar 2000 a kan dala miliyan 18 ba tare da an kai ga yanke hukunci ba. Daga cikin kuɗin ta kafa gidauniya da sunan mijinta a Kalgari, wadda ta ɗauki nauyin karatun ɗalibai, ta kuma taimaka wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi su mallaki gida. Sai a 2021 ta amince wa wani kamfanin kokawa dabam, AEW, ya haɗa gwiwa da gidauniyar, aka fara gasar kofi da sunan Owen a 2022, shekara 23 bayan faɗuwar.