TIYAR DA BA A GANI: HAKKIN JAMA'A A WUYAN KAMFANONIN TALHO

 

Ya ku ƴan'uwa, idan azumi ya kama mukan ga motocin kamfanonin talho suna sauke buhunan shinkafa da sukari a gidajen marayu. Wani lokaci mu ji sun gina rijiya a ƙauye, ko sun gyara ajin makaranta. Wannan shi suke kira sauke nauyin al'umma. Tambayarmu a yau ita ce: shin da kyauta ake sauke wannan nauyi, ko kuwa akwai abin da ke gabanta?

Adalci ya wajabta mana mu fara da faɗin alheri. Kafin salula ta shigo Nijar a shekarar 2001, layukan talho kaɗan ne, mafi yawansu a manyan birane. Wata mai bincike ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake: ɗan kasuwar Maradi da a dā sai ya hau mota kafin ya san kuɗin buhu a Dakoro ko Damagaram, yanzu kira ɗaya ya ishe shi, hatsi kuma ya nufi inda ake buƙatarsa. To, mu lura: wannan alheri daga sana'ar kanta ya fito, lokacin da aka yi ta yadda ya kamata. Ashe ke nan nauyin farko yana cikin cinikin.

Mai sayen hatsi yana ganin tiya da idonsa. In an tauye masa, nan take zai yi magana. Amma wanda ya sa kiredin jikka guda ba ya ganin minti, ba ya iya auna intanet. Tiyar tana hannun mai sayarwa, lissafin ma yana hannunsa. Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi mai tsanani ga masu tauye awo, kuma hankali ya yarda cewa amana tana ƙara nauyi a duk inda mai saye ba shi da ikon bincike. Saboda haka duk kamfanin da ya sanya mutum cikin wani tsari ba da saninsa ba yana cire masa kuɗi, ko ya ɓoye sharaɗi cikin Faransancin da baƙauye ba ya karantawa, ya tauye tiya. Dala biyar ba ta isa a kai ƙara ba. Amma in an ɗebi dala biyar-biyar daga mutum miliyan ɗaya, an tara jikka dubu 25. Rijiyar da aka gina daga irin wannan kuɗi, wa ya gina ta?

Wani zai ce: kamfani ba mutum ba ne, ba ya mutuwa, ba shi da kabari, riba ya zo nema, ga kuma hukumar ARCEP da gwamnati ta ɗora wa sa ido. Muna amsawa cewa neman riba halal ne, kuma aikin hukuma wajibi ne. Sai dai doka tana kama abin da ta gani ne kawai. Kamfani kuwa riga ce, mutane ke cikinta: akwai mai hannun jari da ya nemi ƙarin riba, da shugaban da ya sa hannu, da ma'aikacin da ya saita na'urar lissafi. Rarraba aiki tsakanin hannuwa da yawa ba ya sa alhaki ya ɓace. Kowa zai tarar da rabonsa.

Bayan awo akwai amanar sirri, domin kamfani ya san wanda muka kira, da inda muka kwana, da kuɗin da muka aika. Akwai kuma amanar ƙasa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kamfanin da ya karɓi matattun batura, ya musanya injin gazuwal da hasken rana, ya kai rezo ƙauyen da ake hawa tudu kafin a kira mota ga mai naƙuda, ya yi abin da ya fi rabon sukari daɗewa.

Ba mu ce a daina kyauta ba. Maraya yana buƙatar shinkafarsa. Tsari muke magana a kai, domin ba a gabatar da nafila a kan farilla. A cika awo, a tsare sirri, a biya ma'aikaci da haraji, sa'an nan a yi kyauta.

Mu ma kada mu tsame kanmu. Mai shagon aika kuɗi da mai gyaran salula da ke cikin sahunmu, wannan ma'aunin ya hau kansu. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana a ɓoye da bayyane. Amin.