Wa Ke Bin Sabon Likita Bashi?

A ranar 24 ga Fabrairu 2022 sojojin Rasha suka shiga ƙasar Yukren. Cikin 'yan kwanaki ɗaliban Nijeriya da ke karatun likitanci a biranen Kharkiv da Sumy da sauransu suka kama hanyar iyakar Poland da Romaniya da Hungary, wasu da ƙafa, cikin tsananin sanyi. Bayan shekara guda, a watan Afrilu 2023, faɗa ya ɓarke a Khartum, aka sake kwaso wasu ɗaliban ta iyakar Masar. Iyalai da yawa a arewacin ƙasar nan sun yi godiya ga Allah da 'ya'yansu suka dawo da rai. Godiyar ba ta gama fita daga baki ba sai wani zance ya biyo baya: Majalisar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wato MDCN, ta ba da sanarwa a 2022 cewa ba za ta karɓi takardun likitancin da aka ƙarasa ta intanet daga Yukren ba. Ga uban da ya sayar da ramin doya da buhunan riɗi na shekara biyar domin ɗansa ya zama likita, wannan sanarwa ta yi kama da faɗuwar toto a ruwa.

Yana da kyau a san yadda hanyar take, domin yawancin gardamar da ake yi a kan wannan batu a zaure da harabar majami'a ana yin ta ne ba tare da sanin ƙa'idar ba. Takardar digiri ba ta mai da mutum likitan da zai taɓa majiyyaci. Wanda ya yi karatu a waje, ko a Sudan ne ko Masar ko Sin ko Indiya, sai ya zauna jarrabawar tantancewa ta MDCN, majalisar da aka kafa bisa dokar 1963. In ya ci, sai a ba shi rajistar wucin gadi. Da ita zai yi wata 12 na sanin makamar aiki a asibitin da majalisar ta amince da shi, yana zagaya sassa huɗu: sashen cututtukan manya, sashen tiyata, sashen yara, da sashen mata da haihuwa, a ƙarƙashin idon manyan likitoci. Sai sun sa masa hannu za a ba shi cikakkiyar rajista, sa'an nan ya tafi yi wa ƙasa hidima. Wanda ya yi karatu a Jos ko Zariya ba ya zama jarrabawar tantancewa, amma shekarar nan tana kansa shi ma.

Tambaya ta fari ita ce ko adalci ne a sake gwada wanda wata jami'a ta riga ta yaye. Iyaye da yawa suna ganin hassada ce kawai ta waɗanda suka riga suka shiga ɗaki suka ja ƙofa. A 2017, bayan jarrabawar da aka yi a Ilori wadda mafi yawan masu zamanta suka faɗi, kuka ya kai har Majalisar Dattawa. Ba za a ce duk kukan banza ne ba. Jarrabawar da ba a san ma'auninta ba, ko wadda kuɗinta ya fi ƙarfin talaka, ko wadda ake jan ranarta har matashi ya yi shekara a zaune, tana da laifinta, kuma daidai ne a faɗa. Amma gyaran ma'auni daban, jefar da ma'auni daban.

Dalilin jarrabawar yana kwance ne a kan gadon asibiti. Mace da aka kawo daga Assakio ko Keana tana zubar da jini bayan haihuwa ba ta da hanyar sanin ko mai farar rigar nan ya iya aikinsa. Mai sayen doya a kasuwar Lafia yana iya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ajiye ya wuce gaba. Majiyyaci ba shi da wannan dama, domin lokacin da zai gane kuskuren likita, kuskuren ya riga ya shiga jikinsa. Lasin likita alkawari ne da hukuma ke yi wa wanda ba ya iya bincike da kansa. Ga kuma bambancin cututtuka. Ɗalibin da ya yi shekara shida a gabashin Turai yana iya gamawa bai taɓa ganin yaro mai amosanin jini a cikin tsananin ciwo ba, bai ga zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa ba, bai ga saran kububuwa ba, balle zazzaɓin Lassa da ke tasowa a jihar Nasarawa da maƙwabtanta da rani. A wasu ƙasashen ma, rashin jin harshen majiyyata yakan sa baƙon ɗalibi ya yi karatunsa daga bakin ƙofa. Ikkilisiya ba baƙuwar wannan ƙa'ida ba ce. Manzo Bulus ya umarci Timoti a gwada masu hidima kafin a danƙa musu aiki, kuma babu wata ɗarikar kirki da ke naɗa fasto don kawai ya zo da takarda daga makarantar da ba a sani ba.

Abin lura shi ne, bakin da ya tsine wa jarrabawar gida shi ne yakan yi azumi domin jarrabawar waje. Wanda zai yi aiki a Ingila sai ya ci jarrabawar Turanci, ya ci kashi na farko na PLAB, ya tafi Manchester ya ci kashi na biyu, kafin majalisar likitocin ƙasar ta rubuta sunansa. Amurka ta fi tsauri: matakan USMLE, da takardar shaidar hukumar ECFMG, sa'an nan a shiga takarar neman gurbin horo, inda likitan da ya yi shekaru yana aiki a nan yakan koma matsayin ɗan koyo. Ba a cika jin an kira wannan hassada ba. Ana cewa Turawa suna kula da rayukan mutanensu. To, ran mutumin Doma da na mutumin Manchester a wurin Mahaliccinsu farashi ɗaya ne.

Tsakanin ƙofar shiga da ƙofar fita akwai shekarar sanin makamar aiki, kuma a nan ne nauyin zancen yake. Guraben ba su taɓa isa ba. An daɗe ana jin labarin waɗanda suka yi shekara ko fiye suna yawo da takardu daga wannan asibiti zuwa wancan, da kuma raɗe-raɗin cewa gurbi sai da hanya ko da ɗan abin hannu. A 2021 aka mai da rabon guraben asibitocin tarayya hannun MDCN, a shekarar kuma rashin biyan sababbin likitoci albashinsu na watanni yana cikin dalilan da suka sa ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta shiga yajin aiki a watan Afrilu. Dattijon ikkilisiya da ya ɗauki ambulan ya je neman wa ɗansa gurbi ya san abin da yake yi, ko da ya kira shi gaisuwa: gurbin da ya saya na ɗan wata gwauruwa ne da ba ta da wanda za ta gaisar.

Amma a bar zancen samun gurbi, a dubi abin da ke faruwa a cikinsa. Matashin da mahaifinsa ya biya kowane kwabo na karatunsa a Alƙahira yana iya cewa Nijeriya ba ta bin sa komai. Ba ta ba shi gurbin karatu ba, ba ta ba shi tallafi ba, da ya dawo ma jarrabawa ta tare shi da ita. Maganarsa tana da ƙarfi har zuwa ranar da ya fara zagayen ɗakin majiyyata. Daga ranar nan, a kan wa yake koyo? Jijiyar farko da ya nema sau huɗu bai samu ba, ta wani yaro ce daga Obi. Ɗinkin farko da hannunsa ya yi rawa a kai, a jikin wata matar manomi ne. Ruwan bayan da ya fara zuƙa, haihuwar da ya fara karɓa, mutuwar da ya fara sanar wa dangi da Hausar da ba ta zauna ba, duk a kan talakawa ne, domin mai hali ba ya yarda ɗan koyo ya taɓa shi, yakan wuce Abuja. A asibitin Dalhatu Araf na Lafia, wanda aka mayar asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Lafia, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, da kowane asibitin koyarwa a duniya, haka ake yin likita, babu wata hanya. Waɗannan mutane ba su sa hannu a wata yarjejeniya ba. Sun ba da jikinsu ne bisa zaton cewa hannun da ya koya a kansu zai warkar da 'ya'yansu gobe. In akwai bashi a kan sabon likita, su ne masu shi, kafin gwamna da kafin minista.

Gwamnati ta so ta karɓi wannan bashi da ƙarfin doka. A watan Afrilu 2023 ƙudurin ɗan majalisa Ganiyu Johnson na jihar Legas ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai, yana neman a hana likitan da aka horar a Nijeriya cikakken lasi sai ya yi aikin shekara biyar a gida. Ƙungiyoyin likitoci suka yi ca, ƙudurin kuma bai zama doka ba. Damuwar da ta haife shi gaskiya ce. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitocin da ke da lasi a ƙasar kimanin 55,000 ne, kuma wajen 16,000 sun fice cikin 'yan shekarun da suka gabaci maganarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 55 da ta ce a 2023 kada a riƙa zuwa ɗibar ma'aikatan lafiyarsu. Sai dai mai karɓar bashi ya kamata hannunsa ya zama da tsabta. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu domin lafiya, kuma kasafin tarayyar Nijeriya bai taɓa kaiwa nan ba. Wanda ya riƙe hakkin ma'aikaci, sa'an nan ya kulle ƙofa don kada ya fita, ya bi sawun Laban ne, kuma an san yadda Yakubu ya rabu da shi. Alherin da aka tilasta yakan koma zaman jiran ranar sallama, majiyyaci kuwa yana gane bambancin.

Wannan bai wanke kowa ba. Akwai waɗanda gwamnatocin jihohi suka tura waje da kuɗin jama'a, kamar yadda Kano ta yi da yawa tsakanin 2011 da 2015, akwai kuma waɗanda wata ikkilisiya ko asibitin mishan ta ɗauki nauyinsu bisa sharaɗin za su dawo su yi aiki na wasu shekaru. Wanda ya sa hannu a irin wannan takarda, ya karɓi kuɗin, ya sulale da dare, ba shi da mafaka a bayan zancen 'yancin ɗan Adam. Ya ci amana ne, ko da fam nawa yake aikowa a yi rufin majami'a.

Ga sauran, ba za a iya cewa fita zunubi ce ba. Yusufu ya yi wa Masar hidima, ta hannunsa kuma gidan ubansa ya tsira. Likita mutum ne mai iyali, mai tsoron masu garkuwa a hanyar Akwanga kamar kowa, kuma akwai fannonin ƙwarewa da ba zai samu a nan ba. Tarihin ikkilisiyoyin wannan yanki ma cike yake da likitocin da suka bar ƙasashensu. Su suka kafa asibitin Vom a 1922. Dakta Jeanette Troup, 'yar mishan ta SIM a Jos, ta mutu a 1970 da zazzaɓin Lassa da ta ɗauka wurin binciken gawar majiyyaci, shekara guda bayan an fara gane cutar a jikin ma'aikatan jinya na mishan. Ba wanda ya ce ta ci amanar Amurka. Bambancin yana wajen alƙiblar tafiyar: su sun bar inda likita ya yi yawa zuwa inda babu. Mai bi da ke cika takardun tafiya yana bukatar ya tsaya ya amsa wa kansa, a gaban Allah, ko kiran da yake cewa ya ji yana da wani abu a ciki banda canjin kuɗi. Wasu za su amsa da gaskiya su tafi da lamiri mai tsabta. Wasu za su ga ya kamata su ba da shekara biyu ko uku tukuna a babban asibitin wata ƙaramar hukuma, inda likita ɗaya yakan riƙe ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata da na gaggawa a dare guda.

Ikkilisiya kanta tana da hannu a yadda ma'aunin ya karkace. Ranar Lahadi ana kiran iyalin da ɗansu ya sami biza su fito gaba da rawa da baiko na godiya. Ba a cika kiran likitar da ta yi shekara takwas a Awe ko Wamba a yi mata addu'a ba, sai ma a riƙa tambayar mahaifiyarta a zumuntar mata ko har yanzu hanya ba ta buɗe ba. Yara suna zaune suna kallo, kuma sun fahimci wanne ake kira albarka.

Akwai abin da ke hannun ɗarikoki ba tare da jiran Abuja ba. ECWA ta nuna ana iyawa, da Jami'ar Bingham ta Karu da ta kafa a 2005 da asibitinta na koyarwa a Jan Kwano, Jos. Ƙananan asibitocin ikkilisiya, irin na Alushi, ba lalle su kai nan ba, amma kowace majalisar ɗarika tana iya tambayar abin da ake bukata, na manyan likitoci da gadaje da kayan aiki, kafin MDCN ta amince a horar da sababbin likitoci a asibitinta, ta kuma sa kuɗin a kasafin shekara kusa da na ginin sakatariya. Ana iya haɗa waɗanda suka dawo daga Khartum da Kharkiv da tsofaffin likitocin ikkilisiya su riƙa bin su zagaye kafin ranar jarrabawa. Waɗanda suka riga suka zauna a Ingila da Saudiyya kuma, a daina aika musu takardar gudummawar gini kaɗai. A tambaye su mako nawa na hutunsu za su iya bayarwa a ɗakin tiyata a bana, a kuma tabbatar sun sabunta lasinsu na gida kafin su iso.