Shin Hatsarin Mota Ƙaddara Ce Ko Ganganci?

 Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu sha'awar mota, ko a tashar Bakori ko a garejojin Funtuwa. Dattawansu suna cewa mota ta ƙare tun daga Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Wai ita ce ƙarfe, motocin yau kuwa da an taɓa su sai su murƙushe kamar gwangwanin madara. In gardama ta kai ga maganar waɗanda suka rasu a hanya, sai wani ya rufe ta da cewa kwana ne ya ƙare.

Mu fara da gwangwanin. Murƙushewar nan da gangan aka yi ta. Maƙera sun gano cewa in gaban mota ya ƙi lotsawa, to ƙarfin karon jikin ɗan Adam yake ƙarasawa, don haka suka sa gaba da baya su naɗe, tsakiya inda mutane suke ta tsaya da ƙarfinta. Kamfanin Mercedes-Benz ya fito da irin wannan ƙira a 1959, kuma a shekarar ne wani injiniyan Volvo mai suna Nils Bohlin ya kawo bel ɗin da ke ratsa kafaɗa da ƙugu, kamfanin ya bar wa kowa ya kwaikwaya kyauta. Ɗalibin fiƙihu ba zai yi mamakin wannan ba, domin a cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kiyaye, rai yana gaba da dukiya. Mai kukan bodi ya lotse alhali 'ya'yansa sun fito da ƙafafunsu, bai san abin da aka ba shi ba.

To, sai batun kwana ya ƙare. Babu Musulmin da ke shakkar cewa ajali rubutacce ne. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya nufi ƙasar Sham, ya ji annoba ta ɓarke, sai ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, shi kuwa ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya zaɓa wa raƙumansa gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Haka ɗaura bel yake, haka duba birki da taya kafin a tashi. Malamai sun bambanta abu biyu: ƙaddara abin rarrashin wanda masifa ta faɗa wa ce, ba ta zama hujjar wanda ya jawo masifar. Uwar da ta rasa ɗanta a hanyar Malumfashi ta ce haka Allah Ya so, ta sami ladan haƙuri. Direban da ya kwana biyu bai runtsa ba, ya sha ƙwaya ya taka totur, in ya faɗi wannan kalma ɗin, ya ari rigar da ba tasa ba.

Lissafin ma ba ɓoyayye ba ne. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, kuma in aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata takan ninka sau huɗu. Wanda ya san haka ya ratsa gari ranar kasuwa da wannan gudu, yara na tsallaka titi da tallar gyaɗa, me zai ce bai sani ba?

Ga wani abu da nakan nuna wa ɗalibaina na Larabci. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai janta da mai korarta. Kalmar da aka kira mai korar da ita, watau sa'iƙ, ita ce Larabawan yau suke kiran direba da ita. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei cikin 1993, ta bi wannan hanya, ta ce bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a. Saboda haka jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, in ya tsayar da kai don bel ko lodi, abin da littafinka ya riga ya ɗora maka yake tuna maka. In ya karɓi na goro ya sake ka, wannan kuma nasa alhakin ne.

Ba direba kaɗai ke da kaso ba. Da kaka, an cika babbar mota da buhunan masara, an jera mutane a kai, mai mota yana gida yana jiran balas ɗin da ba ya cika sai an yi sawu uku. Akwai ɗan kwangilar da ya rage kwalta, da hukumar da ta bar rami shekara da shekaru, da fasinjan da ke cewa direba ya ƙara wuta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda muke rufe maganar bayan jana'iza. Dangin mamaci su ce sun yafe, a yi fatiha, direba ya koma bakin sitiyari. Yafewar nan alheri ce, amma diyya kaɗai ta sauke, domin ita ce haƙƙinsu. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa mai kisan kuskure kaffara, wadda a yau ita ce azumin wata biyu a jere, kuma wannan ba ta hannun dangi balle su yafe ta. Malamai da yawa sun ce kowane rai da tasa kaffarar. Direban da sakacinsa ya kashe fasinja shida, watanni 12 ke kansa, kuma da wuya ka ji wanda ya gaya masa haka a wurin zaman makoki.