Digirin mako shida da shaidar zur

'Yan uwa, a Larabci takardar kammala jami'a sunanta shahada, kalma ɗaya da shaidar da mutum ke bayarwa gaban alƙali. Makaranta ce ke shaida cewa wane ya zauna, ya karanta, ya sani. To idan bai taɓa zama ba fa?

A Disamba 2023 Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har aka tura shi bautar ƙasa da takardar. A Janairu 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo.

Mu a Bagudo abin a ƙofar gida yake, daga Tsamiya ka tsallaka kana ƙasar Segbana. Kuma Benin tana da jami'o'i na gaske, irin Parakou da Abomey-Calavi, inda sai yaro ya sha fama da Faransanci shekara da shekaru. Irin waɗannan yaran aka fara zalunta, don yanzu kallon masu sayen takarda ake musu.

Wani zai ce, Malam, aiki kawai nake nema, wa na cuta? Ai da takardar za a damƙa maka ajin yara ko ɗakin magani, da ita za ka ci albashi wata-wata.

Uban da zai sayar da shinkafarsa ya miƙa wa dillali kuɗi, ya fara tambaya: shekara nawa yaron zai zauna a aji? In aka ce ba sai ya je ba, ya mayar da kuɗinsa aljihu.